Shekarar da Na Ce wa Ɗanladi "Ke"

'Yata Amal ce ta sake tono maganar ranar Ƙaramar Salla, muna zaune ana shan shayi, 'ya'yanta suna tsalle a kan kujeruna kamar ba su da gidan ubansu. Ta dube ni da Larabcinta ta ce wai na cuce ku. Wai ga 'ya'yan Goggo Zainab suna zuba Hausa kamar a Kano aka yanke musu cibiya, ku kuwa ko gaisuwa sai kun yi lalube. Ɗana Faisal ya ce ai Baba ma bai iya ba ne, kowa ya kwashe da dariya, ni ma na taya ku. To ku saurara. Na iya. Na fi goggonku, na fi mijinta, na fi rabin tsofaffin da ke zama a ƙofar masallacin unguwarmu ta Sih suna taƙama da ita. Kuma da ita zan rubuta wannan babi, duk da na san sai kun yi gumi kafin ku karanta. Wanda ya matsu ya sani, ya zauna ya koya. Wanda kuma ya kai wa wani ya karanta masa, ban yafe ba. Mahaifiyarku ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙanta, da tana raye da ban ɗauki alƙalami ba. Ina rubutun nan ina jin kunya, ba sai kun tambaya ba.

Kakanku kun san shi tsoho a kan kujera, ba ku san shi tela ba. Yana saurayi ya biyo mahaifinsa ta Sudan suka zo Hajji, suka zauna a Madina, har aka zama 'yan ƙasa. Shagonsa yana Sih, jikin gidanmu, ɗan ƙarami, ƙyallaye har rufi. Larabci yana yinsa, amma kamar mai ɗauke da buhu a ka, ya kai inda za shi ya sauke. Hausa ce numfashinsa. Ni kuma ɗansa namiji tilo, haihuwar nan, makarantar nan, ƙwallon titin nan. Ya yi mini Hausa, in mayar masa da Larabci. In na ce zan gwada, sai in kira namiji "ke", in kira mace "kai", kamar yawancin tsaranmu. Mata su yi ta dariya a tsakar gida, shi kuwa ba ya dariya. Ya kan cire zare daga bakinsa ya ce:

"Usmanu, ni ban ƙi Larabci ba, da shi nake salla. Amma ranar da zan mutu, da wa zan yi hira?"

Ni a lokacin abin ba ya damuna. Na haura ashirin da biyar, ina da a-kori-kura, wadda nan muke kira wanet, ina ɗaukar kaya a titin Sultana. Kujeru, firji, katifu, abin da ya samu. A nan na haɗu da Ɗanladi. Mai dafa abincin biki ne, mutumin Nijeriya, ya girme ni da kusan shekara ashirin, ƙato, baƙi, mai faffaɗar kafaɗa da hannuwa duk tabon wuta. In ya dafa shinkafa da rago, Larabawa ma sai sun tambayi wanda ya yi. Ya ɗauke ni in riƙa kai masa tukwane zauren biki, in an watse in kwaso. Da rana Alhaji Ɗanladi ne, murya a ƙasa, carbi a hannu, ba ya dogon zance. Na fi wata biyu ina masa aiki ban ga haƙorinsa ba.

Wata rana bayan an tashi daga wani biki, mun loda tukwane, ya ce kada in kai su gida, in bi hanyar bayan gari. Muka wuce gonakin dabino, fitilun titi suka ƙare, muka tsaya a ƙofar wata istiraha, irin gidajen hutun nan masu katanga da ake haya. Ya ƙwanƙwasa, wani ya leƙo, aka buɗe. Ya ce in sauke ƙaramar tukunyar da ya rage abinci a ciki, in tafi. Na shiga da tukunya a hannu. An toshe tagogi da barguna. Ɗakin ya cika da hayaƙin turaren wuta, kaset yana kiɗa ƙasa-ƙasa, wani yana taya shi da jarka. Maza ne zalla, sun kai talatin, wasu da mayafi a kafaɗa, wasu da kwalli, wasu da jallabiyarsu ta aiki. Sai na ji wani ya rangaɗa guɗa ya ce:

"Ahayye! Uwa ta iso! Ladi, sai yanzu? Mun ce ko mijin wata ya tare ki a hanya!"

Na juya in ga wace ce Ladi. Sai na ga Ɗanladi ya cire hula, ya yafa ɗankwali, ya riƙe ƙugu, ya tafa hannu, da wata murya da ban san yana da ita ba ya ce:

"Ke rufe mana baki, 'yar baƙin ciki! Wadda ba ta da tsuntsu ba ta da tarko ita ke lissafa wa mutane dare."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Ni ina tsaye da tukunya. Ya kamata in ajiye in fita. Ban fita ba, kuma ba wanda ya riƙe ni. Kada wani ya zo bayan raina ya ce muku an yaudari babanku, ko an yi masa asiri. Tun ina ɗan makaranta na san akwai wani abu a raina da ba na iya faɗa wa kowa, ina ta salla ina roƙon Allah ya cire mini, ina zaton ni kaɗai ne a duk faɗin Madina. Daren nan na ga ba ni kaɗai ba ne. Ɗanladi ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a ba baƙuwa shayi.

Haka na shiga. Duk daren Alhamis, bayan shagunan Sultana sun rufe, bayan an kwashe farantan biki, sai a taru. Masu aski, teloli, masu wanke-wanke a otal-otal na kusa da Harami, wani malamin makaranta, wani mai aiki a kantin magani. Akwai mutanen Kano, akwai na Damagaram, akwai Hausawan Sudan da na Cadi, akwai Larabawa biyu-uku da suka iya tafa hannu fiye da magana. Ba kullum a gida ɗaya ba, ana sauyawa saboda tsoro. Wani yana zama a bakin ƙofa, in mota ta rage gudu a waje sai a kashe kaset, mayafai su ɓace ƙarƙashin matasai, kowa ya gyara zama kamar masu jiran a raba gado. In ta wuce a saki numfashi, wani ya ce wayyo ni 'yasu, cikina ya juya, a dawo da kiɗa. Ana rawa, ana cin abin da ya rage daga bikin masu kuɗi, ana kuka ma wani lokaci, domin kowa yana da uwar da ya bari a wani gari. Akwai abubuwan da ake zubawa a gorar ruwa waɗanda ba ruwa ba ne. Akwai ɗakunan ciki. Ba zan yi muku ƙarya in ce iyakata falo ba. Akwai wanda na so a can, so na gaske, ba zan faɗi sunansa ba, yanzu yana da jikoki kamar ni. Kafin kiran sallar farko kowa ya wanke fuska, a fita ɗaya-ɗaya. In na juyo cikin gari na hango hasken hasumiyoyin Harami, sai in sunkuyar da kai kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. A garin Manzon Allah nake wannan, na sani, kuma mako na zagayowa in koma. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne, a can na fi yin dariya a duk rayuwata.

A wannan ɗaki doka ɗaya ce: ba "kai", sai "ke". Kowa ƙawar kowa ce, ko 'yarsa, ko uwarsa. Ni na zama 'yar Ladi. Da farko suna tsokanata saboda Hausata, wai 'yar Larabawa mai baki kamar an cusa dabino. Ɗanladi ya ce ba za a yi wa 'yarsa gori ba. Ya sa ni gaba. A mota, a wajen tukwane, a ɗakin, ko'ina. In na karya magana ya dungure mini kai. Ya koya mini habaici, ya koya mini karin magana da inda ake jefa ta, ya koya mini yadda ake gaida babba, yadda ake ta'aziyya, yadda ake zagin mutum yana godiya. Ya ce a wurin nan wadda ba ta da baki ta mutu, kuma gaskiya ne, domin ba su da abin kare kai sai harshe. Kafin shekara ta zagayo, in aka jefo mini magana kafin ta faɗi ƙasa na mayar. Ranar da na fara sa ɗakin shewa, Ɗanladi ya tashi ya rungume ni ya ce yanzu ya haihu.

Hausar ta biyo ni gida, ba yadda za a yi ta tsaya a can. Wata safiya Baba, kakanku, yana faɗa a kan wani mai ɗinki da ya tsere masa, sai na ji bakina ya ce ai Baba, wanda ya hau motar kwaɗayi tashar wulaƙanci za ta sauke shi. Almakashi ya tsaya a hannunsa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Sake faɗa."

Na sake. Ya kira Inna daga kicin ya ce ta zo ta ji. Ya tambaye ni a ina, na ce wajen 'yan dako da masu dafa abinci a Sultana. Ya ce Allah ya yi musu albarka. Tun daga ranar, in na dawo aiki ba ya bari in shige ɗaki. Ya sa kujera a ƙofar shago, ya ba ni labarin hanyar Sudan, da raƙumin da ya ciji mahaifinsa, da yadda suka yi noman auduga don su sami kuɗin jirgin ruwa. Abubuwan da ya riƙe shekara da shekaru ba shi da wanda zai zuba wa. In abokansa sun zo sai ya ce, ku yi masa magana ku ji. Ban taɓa ganin Baba yana farin ciki da ni kamar wannan shekarar ba, ni kuwa ina zaune kusa da shi na san rijiyar da na ɗebo ruwan da yake sha.

Sai bikin goggonku Zainab ya zo. Baba da kansa ya ce a kira Alhaji Ɗanladi, tunda ɗansa yana masa aiki. Ranar ɗaurin aure dangin ango suka cika gidanmu, tsofaffi masu ji da kansu. Lokacin yi musu maraba, maimakon Baba ya tashi, sai ya taɓa gwiwata ya ce in yi magana a madadinsa. Na tashi na yi. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya da girmansu, na ba su amanar ƙanwata, na ce mun ba ku ita ba don ta ishe mu ba, sai don haka aka ba mu uwarta. Wani tsoho ya ce, Malam, wannan haihuwar nan ne kuwa? Baba ya ce haihuwar Sih ne, nan bayan masallaci. Na ga yana share ido da hannun riga.

Washegari aka yi walima a zauren biki. Ɗanladi yana can baya, a filin da aka kafa tukwane, an kewaye shi da tamfol saboda iska. Ni tun safe nake kai-kawo, na gaji, raina kuma fari tas. Bayan la'asar na zagaya baya in ga ko abinci ya nuna. Na ɗaga tamfol, na gan shi shi kaɗai a gaban tukunya yana juyawa, ƙamshi ya bugi hancina. Ban duba hagu ba. Na tafa hannu, na karya wuya, na ce:

"Ke, ashe kina nan! Wallahi yau kin kashe mu da ƙamshi!"

Magana zarar bunu ce. A hagu, a inuwar motata, Baba ne a tsaye da Kawu Habu, ƙanin Inna, da tsofaffi biyu daga dangin ango, sun zo duba abinci. Kawu Habu a Kano ya girma, sai da ya yi gemu ya zo ƙasar nan, ya san irin wannan tafi da irin wannan karya wuya, ya san su wa ke yi. Na ga idonsa ya tashi daga kaina ya sauka kan Ɗanladi, ya dawo kaina. Ina jin tafasar tukunya. Na san in Kawu ya buɗe baki, ni na ƙare a gidanmu, auren Zainab ma Allah kaɗai ya san makomarsa, Ɗanladi kuwa baƙo ne a ƙasar, abin da zai same shi ya fi nawa.

Ɗanladi ne ya riga kowa. Ya buga ludayi a bakin tukunya har ta yi ƙara, ya juyo da muryarsa ta rana, ya daka mini tsawa:

"Ni kake ce wa 'ke'? Ni? Don ina dafa wa ubanka abinci na zama matarsa? Alhaji, haka kuke tarbiyya a nan? Na haifi kamarsa! Wallahi in ba don darajar furfurarku ba, da na bar muku tukwanen nan na tafi!"

Jijiyoyin wuyansa sun tashi, idonsa ya yi ja. Wanda bai sani ba zai rantse zai mare ni. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi dariya ya shiga tsakani.

"Haba Alhaji, yi haƙuri. Yaran nan haihuwar nan ne, ba su san 'ke' da 'kai' ba. Nawa jikan har liman yake ce wa 'ke'."

Ga ƙofa an buɗe mini, Ɗanladi ya buɗe, tsoho ya riƙe. Abin da ya rage in shiga. Baba ya ce, a hankali, in durƙusa in ba shi haƙuri. Na durƙusa a kan tsakuwa, a gaban mutumin da ya koya mini kowace kalma mai kyau da na sani. Na karya harshena da gangan, na mayar da shi irin na da, na ce:

"Ki... ka yi haƙuri, ya ammi. Ni Hausa ba sani sosai. Wallahi ma gasadt."

Da Larabci na ƙarasa, wai ba da gangan na yi ba. Tsofaffin suka yi dariya. Kawu Habu ya yi tsaki ya ce Allah ya shirya, fuskarsa ta ɗan saki. Ɗanladi ya ce ya wuce, ya juya ga tukunyarsa. Ni ban iya ɗaga kai na dubi Baba ba. Jiya-jiya ya ji ni ina jera zance a gaban surukai ba tuntuɓe ko ɗaya. Tsohon da ya cece ni ma ya ji, amma shi mutum ne mai son a zauna lafiya, ko ya manta ko ya ga dama ya manta. Baba kuwa tela ne, ya san inda aka yi faci.

Aka ci abinci, aka yaba, aka kai amarya. Da na je kwashe tukwane, Ɗanladi bai yi mini magana ba har muka loda. A ƙofar gidansa, kafin ya sauka, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Kada in sake ganinka a can. Kana da uba, kana da ƙasa, mu ba mu da ko ɗaya a nan. Bakinka zai kashe mu. Kuma daga yau 'kai' ne kai."

Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ba abin yafewa, shi ya koya wa aku magana. Ya sauka. Ban sake ɗaukar masa tukunya ba. Kawu Habu bai fasa ƙwai ba, amma ya riƙa cewa a majalisa shi dai mai dafuwar nan bai kwanta masa ba, kuma a cikin mutanenmu wannan ya isa. Kiran biki ya ragu. Bayan wani lokaci na ji Ɗanladi ya koma Nijeriya. Na san inda yake zaune kafin ya tafi, ina wucewa ta layin da mota, ban taɓa tsayawa ba. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyarsa fiye da kunyar rawar da na yi.

Baba bai ce mini komai ba sai da baƙi suka watse. Kwana biyu bayan biki na zo na zauna a kujerata ta ƙofar shago kamar kullum. Yana ɗinki. Bai ɗago ba ya ce:

"Wanda ya yi wa surukai jawabi ranar ɗaurin aure ba ya rikita 'ke' da 'kai'."

Ya cije zare. Bai tambaye ni ina nake zuwa daren Alhamis ba, bai tambaye ni wane ne Ɗanladi a wurina ba. Da ya zage ni, da ya ɗauko sandar awo ya karya a bayana, da na fi so. Sai kawai ya ce in miƙo masa almakashi, kuma da Larabci ya faɗa. Waccan maganar ta 'ke' da 'kai' ita ce Hausa ta ƙarshe da ya yi mini yana cikin hankalinsa. Ya yi da Inna, ya yi da Zainab, ya yi da mai kawo gas, in ya juyo kaina sai ya ɗauko buhun Larabcinsa ya aza a ka. Inna ta gaji ta ce, Malam, me ya sa kake wa yaron nan Larabci kamar baƙo? Ya ce shi ya fi ganewa. Bai tona ni ga kowa ba, bai kore ni ba, shi ya nema mini auren mahaifiyarku, shi ya yi muku huɗuba a kunne. Ya rufa mini asiri ruf, amma ya ɗauke kujerar nan daga ƙofar shago.

Ni ma sai na rufe bakina. Duk kalmar Hausa da ta zo harshena sai in ji ƙamshin turaren ɗakin nan a jikinta, in ji tsoron wata rana wuyana zai sake karyewa a gabanku. Shi ya sa na yi muku Larabci tun kuna zanen goyo. Mahaifiyarku na riƙe ta da mutunci, ban ci amanarta ba ko sau ɗaya, wannan kam zan iya tsayawa da shi gaban Allah. Abin da ke raina bai tafi ba, na dai zauna a kansa. Na yi tuba, na yi ɗawafi, na yi kuka a Rauda. Hukuncin sauran yana wurin Wanda ya halicce ni, ba wurinku ba, don haka kada wanda ya zo mini da wa'azi, na riga ku jin duk abin da za ku faɗa.

Kun tuna ciwon kakanku na ƙarshe, lokacin da jini ya buge shi. Kuna zuwa asibiti ku tsaya a bakin gado, yana magana ba kwa ganewa. Larabcin ne ya zube masa gaba ɗaya, ban da na salla. Mutane ma sun zube masa, Zainab yake kira da sunan uwarsa. Wata la'asar ni kaɗai ne a wurinsa, ina gyara masa matashi, ya kama hannuna ya ce:

"Sannu bawan Allah. Kana jin Hausa?"

Shekara kusan talatin rabon da ya yi mini ita. Na ce ina ji, ranka ya daɗe. Fuskarsa ta washe. Ya ce in jawo kujera. Ya fara mini labarin hanyar Sudan daga farko, ina tayawa, ina jefa masa magana yana dariya da rabin bakinsa. Da ya gaji ya dube ni ya ce:

"Kai, Hausarka ta manya ce. Wa ya koya maka?"

Na ce wani mai dafa abinci ne, sunansa Ɗanladi. Ya ce Allah ya saka masa da alheri, ya yi aiki. Ya kalli rufi. Sannan ya ce:

"Ni ma ina da ɗa, Usmanu. Ya iya, ya fi ka ma. Mun ɓata, na manta a kan me. In ka gan shi ka ce ya zo mu yi hira, na gaji."

Kalma biyu ce, "ni ne". Ta zo har haƙorana. Amma na ji tsoro in na faɗa zai dube ni da kyau ya tuna a kan me, ga shi ba shi da sauran Larabcin da zai koma, sai dai ya yi mini shiru har ya mutu. Na zaɓi hirar. Kullum bayan la'asar in zo in jawo kujera a matsayin bawan Allah mai jin Hausa, mu yi ta zance har magariba, kuma kullum kafin in tashi sai ya tambaye ni ko na ga ɗan nasa. Ranar ƙarshe ma ya tambaya. Na ce, na gan shi Baba, yana hanya.